Rigar Ulun da Na Zaɓa a Idaho

Wata biyar na yi a wata gonar dankalin Turawa a jihar Idaho ta Amurka kafin a tura ni kan dutse. A shekarar dubu biyu da biyar ne. Wani shiri na horar da matasan manoma ne ya kai ni, saboda tun ina ƙarami nake ban ruwa a gonarmu ta bakin kanal, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma na yi 'yar difloma a kan noman rani. A takarda an rubuta cewa sababbin dabarun ban ruwa zan koya. Abin da na yi kuwa shi ne ɗaukar bututun ƙarfe daga wannan layi zuwa wancan, tun fitowar rana har faɗuwarta.

Bahaushe ɗaya na tarar a gonar, Mansur, ɗan cikin birnin Kano, shekararsa uku a can. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa. Shi kuma ɗan ƙauye yake ce mini yana dariya, ni ma in taya shi. Turancina na makaranta ne, idan mutanen can suka yi magana ta hanci da sauri rabi nake tsinta, sai Mansur ya cike mini sauran. Ranar da kewar gida ta dame ni shi zai tuƙa tuwon garin masara mu ci da kukar da na taho da ita. Na saki jiki da shi sosai.

Shi ne ya gaya wa mai gonar cewa mahaifina maharbi ne. Gaskiya ne kuwa. Baba ya yi farauta da kwari da baka a dazukan kudancin Kano kafin ƙarfinsa ya ƙare, kuma a bayansa na koyi bin sawu. Mai gonar yana da suruki, Mista Ron, wanda sana'arsa ke nan ya hau da masu hali kan duwatsu a watan Satumba, lokacin da ake buɗe farautar baka. Wata dabba suke nema da suke kira elk, ta fi gwanki girma, ƙahon namijinta kamar rassan busasshiyar bishiya. Mista Ron yana bukatar ɗan dako, sai aka ba da aro na na mako uku, ba wanda ya tambaye ni. Mansur aka tura shekarar da ta gabata, amma wannan sai daga baya na sani.

Mista Ron ya aiko da takarda zuwa wani kantin kayan farauta a garin, ya ce a ba ni rigunan ciki guda biyu na ulu. Mansur ya raka ni. Mai kantin wata dattijuwa ce mai furfura. Ta karanta takardar, ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauko riguna uku ta shimfiɗa a kan tebur. Duk na gashin wasu tumaki ne da ake kira merino, masu laushi kamar ba ulu ba. Kowacce da lambarta a wuya, nauyin yadin ke nan. Ta farko ɗari da hamsin, shara-shara, ina ganin yatsuna ta cikinta. Ta biyu ɗari biyu. Ta uku ɗari uku, mai kauri kamar ƙaramin bargo.

Dattijuwar ta haɗa ta farko da ta biyu ta turo mini, ta ture mai kaurin gefe, tana ta bayani. Na juya na dubi Mansur.

“Cewa take waɗannan biyun na 'yan ƙasa ne da suka saba da sanyi,” in ji shi. “Kai ɗan Kano, mai kaurin nan za ka ɗauka, in ba haka ba gawarka za a sauko da ita.”

“To ai biyu aka ce, Yaya. Ɗayar fa?”

“Ɗauki shara-sharar nan ka ba ni, ba abin da za ta yi maka. Ni kuma in ba ka singiletina uku na auduga ka riƙa sawa daga ciki, don ulu ƙaiƙayi yake yi a jiki.”

Maganar ta shige ni, don ni ma a iya sanina kauri shi ne ɗumi. Da na ɗauki mai kaurin, matar ta kama hannun rigata, ta taɓa shara-sharar, ta maimaita wata magana a hankali har sau biyu. Kalma ɗaya na gane, zufa. Mansur ya yi mata murmushi ya ce da ita ya yi mini bayani. Har muka fita tana kallonmu ta gilashi.

Sansanin yana can sama, tafiyar yini guda a kan dawaki da alfadarai, ni kuma a ƙasa ina jan akala. Tanti huɗu ne a bakin wani rafi. Baƙi uku suka zo, amma wanda aka haɗa ni da shi wani likitan haƙori ne daga babban birni, mutum mai jan wuya, Likita kawai nake ce masa. Bakansa na ƙarfe ne, da ƙananan tayoyi a bakinsa biyu, har da abin saiti. Duk da haka dokar ɗaya ce da ta Baba: kibiya ba ta nisa, sai ka matsa kusa da dabba har ka ji numfashinta, kuma kada ta ji motsinka ko warinka.

Tun a karin kumallon farko Mista Ron ya lura ba na taɓa naman alade. Daga ranar sai ya riƙa soya ƙwai da dankali a cikin kitsensa. Biredi da tunkuzar gyaɗa ta kwalba suka zama abincina.

Da asuba muka fara hawa. Ciyawa ta yi fari da daskararriyar raɓa, ruwan alwala kamar ana yanka ni da reza. Na sa singileti, na ɗora mai kaurin, na ɗora jaket, na goya jakar Likita. Na ji daɗin kaina ƙwarai, don Likita da Mista Ron na ga sun fito da 'yan riguna shara-shara suna murza hannu. Ba mu yi rabin awa ba zufa ta karyo mini. Kafin mu kai kan tudu singiletin ya jiƙe sharkaf ya manne mini a baya. Da muka isa, su suka buɗe jakunkuna suka ƙara riga ta biyu, Mista Ron ya nuna mini gindin wata bishiya ya ce in zauna, kada in motsa.

Iska ta fara kaɗawa. Zufar nan ta koma ruwan sanyi a jikina, rigar mai kauri ta rufe shi ruf ba ya bushewa. Na yi awa guda ina dannewa. Mista Ron ya busa wata 'yar sarewa mai kukan macen dabbar, sai ga namiji ya amsa daga cikin itatuwa da wata irin ƙara da ta sa gashin jikina ya tashi. Ya taho a hankali, tururi na fita daga hancinsa. Likita ya ja tsirkiya. A daidai lokacin karkarwa ta ƙwace mini, haƙorana suka fara haɗuwa kaf-kaf-kaf. Na cusa hannun riga a baki, amma busassun ganyen da ke ƙarƙashina suka ɗauki motsin. Dabbar ta ɗaga kai, ta juya, sai ƙarar karyewar rassa muka ji.

Likita ya jefar da hularsa. Ya tako har inda nake, ya sunkuyo ya shinshina wuyana, ya ja da baya yana toshe hanci. Wannan Turancin kam na gane shi duka.

“Wari yake yi. Tun daga can ƙasa dabba za ta jiyo shi. Ina ka samo wannan?”

Ba ƙarya ya yi ba. Auduga idan ta sha zufa tsami take yi, ulu kuwa ba ya riƙe wari, shi ya sa maharban can suke son sa. Ban san haka ba a lokacin.

Da muka koma sansani Mista Ron ya jefo mini wani sabulu marar ƙamshi, ya nuna rafin. Na ce masa zan ɗumama ruwa in zaga bayan tanti. Ya ce a'a, yanzu, kuma a nan inda zai gani. Ruwan daga ƙanƙarar saman dutse yake gangarowa. Na tuɓe na bar gajeren wando, na shiga. Baƙin uku suka jawo kujeru suna shan kofi, ɗayansu ya ɗauko kyamara. Duk sanda na yunƙura zan fito sai Mista Ron ya ce saura baya, saura hammata. Ni da na yi shekaru ina tsayawa a cikin ruwan kanal lokacin ban ruwan alkama, ranar na yi kuka a cikin ruwa, sai dai ba wanda ya gane hawaye ne. Bayan na fito ya hana ni matsawa kusa da wuta, wai hayaƙi zai shiga kayana.

Haka muka yi kwana takwas. Safiya sanyi, tsakar rana zafi kamar na watan Maris a gida. Rigar mai kauri ta zame mini jarrabawa: in sa ta in jiƙe, in cire ta in daskare. Na riƙa wanke singiletin kullum, rabi ya bushe rabi bai bushe ba in mayar. Wani ɗan tari ya kama ni, ina haɗiye shi idan muna fako.

Rana ta tara Likita ya yi harbi. Kibiyar ta shiga tumbi maimakon haƙarƙari, dabbar ta gudu da ita. Suka bi jini taku kaɗan ya ɓace musu. Mista Ron ya zagaya, ya zagaya, ya fara zage-zage. Sai na tsuguna na duba. Ga ciyawa ta kwanta gefe guda, ga wani ɗigon kore na abin cikin tumbi a kan dutse, ga ƙafar baya ta hagu tana jan ƙasa. Na bi, suka biyo ni. Awa uku muna tafe har muka gangara wani kwazazzabo mai zurfi. A can na same ta kwance, tana numfashi da ƙyar, idonta a buɗe.

Na zaro wuƙa na ce, “Oga, bari in yanka ta ta huta.”

Likita ya riƙe hannuna. Ya ce kan da fatar wuyan zai kafa a bangon ofishinsa, ba ya son a ɓata. Wata kibiyar ma ya ƙi ƙara mata, wai rami biyu ba ya kyau a hoto. Muka zauna kusan awa guda muna jin nishinta har ta cika. Sannan ya durƙusa ya riƙe ƙahon, Mista Ron ya saita kyamara, ya yi mini alama da hannu in matsa can, ina shiga hoton.

Dabbobin hawa ba sa iya sauka kwazazzabon, don haka aka ɗaure su a bakin hanya a sama. Muka feɗe, muka yanka naman kashi uku, ni zan hau da shi a baya. Rana ta take, zafi ya yi zafi. Da na kai kaya na farko na cire rigar mai kauri da jaket na rataya a sirdin alfadari, na koma daga ni sai singileti da wata 'yar taguwa. Da na hauro da na biyu na tarar sun ɗora kan dabbar sun hau dawakai. Mista Ron ya ce in koma in ɗauko cinyar da ta rage in biyo su a ƙasa, ai na san hanya. Sun fara tafiya na tuna.

“Oga! Rigata tana kan alfadari!”

Ya waiwayo, bai ja linzami ba. “Ka yi sauri, za ka ji ɗumi.”

Ina ƙasan kwazazzabon, wajen la'asar, gari ya canza. Gajimare ya taho ta bayan dutsen, ruwa ya sauko, ya juye ya zama ƙanƙara mai laushi tana sauka a kaikaice. Na goya cinyar na fara hawa. Singiletin ya zama kamar an liƙa mini ƙarfe a ƙirji. Da na kai hanya yatsuna sun daina lanƙwasuwa, na kasa kwance igiyar kayan. Na faɗi na tashi, na faɗi na tashi. Can sai karkarwar ta tsaya, na ji wani ɗumi mai daɗi. Na ga kanal ɗinmu a gabana, ruwa ya cika shi, har na ji muryar Inna tana cewa in shigo abinci ya huce. Na sulluɓe kayan daga kafaɗa, na bar hanya na nufi wajen muryar, na sami gindin wani dutse na kwanta.

Karnuka ne suka gano ni. Na wani makiyayi ne, Ilariyo, mutumin ƙasar Peru, wanda ke kiwon tumakin wani attajiri shi kaɗai a wannan dutse. Ban san yadda ya ja ni zuwa ɗan ɗakinsa mai taya ba. Abin da na fara tunawa shi ne wuƙarsa tana tsarge singiletin daga wuya har ƙasa, ya ɓare shi daga jikina ya wurga waje. Ya naɗe ni da barguna, ya riƙa ɗura mini ruwan zafi da sukari da cokali.

Washegari na iya zama. Gajeren mutum ne, ya manyanta, fuskarsa ta ƙone da rana. Turancinsa bai kai nawa ba, wannan ya sa muka fahimci juna sarai. Ya ɗauko guntun singiletina da wata safa ta ulu, ya tsoma su a bokiti, ya matse, ya ɗora mini ɗaya a kowane hannu. Audugar ta yi sanyi ƙarara. Ulun kuwa, da danshinsa da komai, ba a jima ba ya ɗauki ɗumin jikina. Ya buɗe ƙirjinsa ya nuna mini shara-sharar riga a jikin fatarsa, ya nuna wata matsakaiciya a jakarsa.

“Tafiya, ɗaya,” ya ɗaga yatsa. “Zama, biyu.”

Ya ce idan za ka fara hawa, ka fita kana jin sanyi, jikinka zai kawo wuta da kansa. Na kwatanta masa kaurin tawa da yatsu. Ya girgiza kai ya ce wannan ta watan Disamba ce, ta wanda zai zauna wuri ɗaya. Sai a lokacin na gane abin da dattijuwar kanti take ta ƙoƙarin gaya mini.

Ya ba ni wata shara-shara tasa mai faci a gwiwar hannu. Ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata biyu, ya ce shekara uku rabonsa da su. Da ya ga na yi taimama zan yi salla a zaune, ya fita ya kore karnukan daga bakin ƙofa. Kukan tumakinsa da warin garken sun tuna mini da rugar Fulanin da ke bayan gonarmu, na kwanta ina saurare kamar ina gida.

Rana ta biyu da hantsi Mista Ron ya iso a kan doki. Ya leƙo ɗakin ya gan ni kwance.

“Ina naman?”

Ita ce tambayarsa ta farko, ba ta da ta biyu. Dabbobin daji sun riga sun cinye cinyar. Ilariyo ya tare ƙofa yana nuna ƙirjina yana magana da yarensu, Mista Ron ya ce masa ya san maigidansa, kuma ya san takardar zamansa a hannun wa take. Dattijon ya matsa gefe, kansa a ƙasa. Ban ga laifinsa ba. A ƙasa na bi dokin har sansani, ina tari ina dafa itatuwa.

Kafin a sauko da ni gona labari ya riga ni: wai na yar da kayan baƙo na gudu daga bakin aiki. Na shiga ɗakinmu na tarar da Mansur yana shirin fita, shara-sharar nan tana leƙowa ta wuyan rigar aikinsa.

“Yaya, ka ji abin da matar kantin nan ta ce ranar, ko ba ka ji ba?”

Ya ci gaba da ɗaura takalmi. “Na ji.”

“Ka kuma san dutsen. An ce kai ka je bara.”

“Na je, na sha wuya, na dawo. Ka ga na mutu? Da ban miƙa ka ba ni za a sake turawa. Nan ba Bunkure ba ce, ɗan ƙauye, kowa kansa yake ceto.”

“Rigar fa? Me na yi maka?”

“Riga ce mai kyau,” in ji shi, ya ja ƙofa.

Kwana huɗu na yi a asibiti da ciwon haƙarƙari. Ranar da aka sallame ni wata jami'ar shirin ta zo da takardu. Na roƙi Mansur ya tsaya ya fassara mata abin da ya faru daga bakina, ya ce yana da aiki. Na yi mata bayani da guntun Turancina, tari yana katse ni, tana gyaɗa kai tana duba agogo. Ta ce wanda ya bar wurin aikinsa ba da izini ba ya karya sharaɗi. Ta nuna inda zan sa hannu. Ko takardar shaidar horon ba a ba ni ba.

Na dawo gida ana shirin shukar alkama. Likitan da ya duba ni a Kano ya ɗaga hoton ƙirjina ya nuna mini tabo a huhun dama, ya ce ni da tsayawa a ruwa lokacin sanyi har abada. Ƙanena ya karɓi ban ruwan. Ni sai in zauna a kan gaɓar kanal cikin rigar sanyi ina nuna masa inda zai buɗe da inda zai toshe. Masu wucewa su ce, “Ba'amurke, ana hutawa?” In ɗaga musu hannu.

Wata biyu da dawowata, wata Juma'a, ɗan acaɓa ya sauke wata tsohuwa a ƙofar gidanmu. Tun daga cikin birni ta shigo motar Kura, ta yi ta tambaya har ta same mu. Mahaifiyar Mansur ce. Ta kawo goro da 'yar kwalbar turare. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa na gaishe ta. Idonta ɗaya ya yi fari. Ta ce Mansur ya bugo ta wayar maƙwabta ya gaya mata ƙaninsa na can ya dawo ba lafiya, shi ya yi ta jinyarsa har ya hau jirgi. Ta ce shekara uku ba ta sa ɗanta a ido ba, shi ne ta zo ta ga idon da ya gan shi.

Ta kama hannuna da nata biyun.

“Ɗana, gaya mini gaskiya. Yana nan da halinsa na kirki? Ya riƙe ka da kyau?”

Tari ya taso mini, na juya kai na yi shi har ya lafa. Inna, wadda ta san komai, ta zuba mini ido. Tsohuwar tana jira, bakinta har ya fara murmushi.

Na ce, “Ya riƙe ni, Hajiya.”

Ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa masa albarka, mu kuma muna cewa amin.